Zabon dajin Naraguta da bakan kakanninmu

Yau dai ba siyasa zan taɓo ba, tarihin wani tsuntsu ne, to amma mai karatu zai ga cewa tarihinmu ne mu Jasawa.

A Amurka akwai talo-talon daji, kuma har gobe ana farautarsa. Wasu da bindiga, wasu da wani irin baka da aka gicciya a kan gindi kamar na bindiga, ga shi da kunama. Sai maharbi ya ɗana kibiya ya saita, ya danna ta tashi. Maharbin kan laɓe tun asuba, ya kafa gunkin macen talo-talo, ya riƙa kwaikwayon kukanta har namijin ya taho yana taƙama. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, sunan da Ingilishi ke kiran talo-talo da shi, asalinsa na zabonmu ne. Zabo ya riga shi shiga Turai ta hannun fataken ƙasashen Turkawa, sai aka laƙaba masa sunan Turkiyya. Da aka kawo tsuntsun Amurka bayan 1500, sai aka ruɗa su, sunan ya koma kansa. Ke nan in ana neman talo-talon dajinmu na nan tsaunin Jos, zabo ne.

Naraguta ta girmi garin Jos. Sunan ma daga Anaguta ya fito, wato mutanen da ke zaune a duwatsun wurin tun kafin zuwan Turawa. Hausawan Ririwai sun daɗe suna narkar da kuza, kuma sawun dalmarsu Kamfanin Neja ya biyo. A 1903 Kanar Laws ya hau tsaunin, aka kafa sansanin haƙar kuza a Naraguta kusa da kogin Dilimi, har ta zama mazaunin mulkin Turawa na yankin kafin a koma Jos. Daga nan kakanninmu suka yi ta kwarara daga Kano, Zariya, Bauci da Katsina: lebura, mahauci, majemi, ɗan koli, malami. Cikinsu har da maharba, domin barikin da ya tara ɗaruruwan maza yana buƙatar nama, majeman Naraguta kuma suna buƙatar fata.

Dattawan da na taso na tarar sun sha ba mu labarin yadda ake harbin zabo. Da rani zabi kan haɗu garke guda, su sauko shan ruwa da sassafe da kuma la'asar sakaliya, su kwana a kan itace. Tsuntsu ne mai ido, ya fi yarda da gudu a kan tashi, kuma da ɗaya ya ƙyalla ido ya gan ka, ya kwarmata, to ka yi asarar ranar. Don haka maharbi kan ɗaura burtu a goshi, wato kan tsuntsun nan burtu ko wanda aka sassaƙa da itace aka rufe da fata, ya lulluɓa da baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana sunkuyar da kai kamar mai kiwo. Namun daji sun saba da burtu, ba sa gudunsa. Sai ya matso sosai sannan ya saki kibiya. Dafin kwankwani kuwa na manyan dabbobi ne, ba a ɓata shi a kan zabo. Ka ga dabarar Ba'amurke da gunkinsa da ta Bahaushe da burtunsa duk uwarsu ɗaya: ka san halin tsuntsu, ka yi haƙuri.

To amma fa dajin yana da masu shi. Anaguta, Afizere da Birom suna da farautar gayya ta rani, da karnuka da masu da 'yan dawakansu na tsauni, kuma akwai kurmin da ba a shiga sai da izinin masu tsafin wurin. Abin da na ji daga bakin manya shi ne, maharbin kirki ba ya kutsa kai. Yakan gaida mai gari, in ya samu ya ajiye masa rabonsa. Da damina kuma, lokacin da zabuwa ke kwanci a cikin ciyawa, akan ɗaga mata ƙafa. Wannan ladabi shi ya sa baƙo ya ci arziki a ƙasar da ba ta kakansa ba, har ta zama ta 'ya'yansa.

Me ya kori zabon? Ba kibiya ba ce. Jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, barikoki suka ƙaru, kowane bariki na cin itacen girki da gawayi. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka yi diban gwamna, aka tilasto dubban mutane aikin kuza, ga sanyin tsauni sai da wuta. Aka sare itatuwan da zabi ke kwana, aka tone fadamun da suke kiwo, aka bar mana kududdufai da tsibin ƙasa. Bindigar toka ta zo tana zubar da uku ko huɗu a harbi ɗaya. Daga baya gari ya bunƙasa, Jami'ar Jos ta kafa mazauninta na dindindin a Naraguta, gidaje suka cinye sauran.

Doka kam an yi. Turawa sun yi ta kare namun daji a 1916, Jihar Arewa ta yi tata a 1963, Gwamna Joseph Gomwalk ya kafa gandun namun daji na Jos a 1972. Sai dai duba yadda Amurkawa suka yi. A shekarun 1930 talo-talonsu ya kusa ƙarewa. A 1937 suka sa harajin bindiga da harsashi ya riƙa tafiya wajen raya daji, daga shekarun 1950 suka riƙa kama tsuntsayen da raga suna kai su inda suka ɓace, suka yanke lokacin farauta da adadin da mutum zai harba. Yau ana lissafinsu da miliyoyi, a kowace jiha in ban da Alaska. Maharban da kansu suka riƙe dokar, shi ya sa ta yi aiki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, yaran da suka tashi bayan rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 ba su san kwari da baka a matsayin kayan sana'a ba, sai kayan faɗa. Ba su san cewa akwai lokacin da Bahaushe da Ba'anaguce ke raba naman daji ɗaya bisa ƙa'idar da kowa ya yarda da ita ba. Muna yawan ja-in-ja a kan wa ya riga wa zuwa Jos, alhali ƙasar da ake jayayya a kanta tana ta ƙarewa a hannunmu duka.

Shawarata ga 'yan'uwa: duk mai tsoho a gida wanda ya taɓa rataya kwari, ya zauna da shi ya naɗi labarinsa, da sunayen dazuzzuka da na waɗanda suka ba shi izinin shiga. Wannan ma shaidar zama ce, kuma ta fi gardama ƙarfi. Allah ya zaunar da Filato lafiya, amin.