«Guest»: baƙo da abokin gaba, tsatso ɗaya

Duk malamin da ya koyar da Ingilishi a kwaleji ya san inda ɗalibi Bahaushe yake tuntuɓe da kalmar «guest». Hausa tana da baƙo ɗaya tak, amma Ingilishi ya kasa shi gida uku: «stranger» shi ne wanda ba a sani ba, «visitor» mai kawo ziyara ya koma, «guest» kuwa wanda aka gayyata, aka yi masa shimfiɗa, aka ba shi ci da sha. Ɗalibi yakan ɗauka tun fil azal haka abin yake, alhali tarihin kalmar ya nuna a da ta fi kusa da baƙonmu na Hausa.

Masana tarihin harsuna sun bi sawunta har zuwa wani tushe, «ghosti», na tsohon harshen da ya haifi yawancin harsunan Turai. Ba a taɓa rubuta harshen nan ba; ta hanyar kwatanta ƴaƴansa aka gano kamanninsa. Daga tushen Jamusanci ya sami «Gast», Rashanci ya sami «gost», duka ma'anarsu baƙo. Latinanci kuwa ya sami «hostis», wato abokin gaba.

A nan ne ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Tun a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, Sisero ya lura cewa kakanninsu Rumawa mutumin wata ƙasa kawai suke nufi da «hostis». Masanin Faransa Émile Benveniste, a littafinsa na 1969, ya yi bayanin yadda kalmar ta juya: da farko «hostis» bare ne da ke da amana tsakaninsa da mai masaukinsa, ka sauke ni yau, in sauke ka gobe. Da hukuma ta kafu, aka raba ɗan ƙasa da wanda ba shi ba, sai amanar ta mutu, bare ya zama abin yaƙa. Karɓar baƙi sai ta koma kan wata kalma daga tsatson nan, «hospes», wadda ta ba Faransanci «hôtel» da «hôpital» da «hôte». Wannan ta ƙarshe, kamar yadda muka sani, har yau mai gida da baƙonsa duka take nufi. Asibitinmu ma, da muka aro daga Ingilishi, ɗan dangin ne.

Yadda ake furta «guest» a yau yana da nasa labari. A tsohon Ingilishi «giest» ake rubutawa, ana faɗin ta kamar «yest», kuma tana ɗaukar baƙon arziki da wanda ba a sani ba. Sai maharan Bikin daga Danmak da Norwe suka far wa Ingila, suka ci birnin York a 866, suka zauna, suka yi auratayya da mutanen ƙasa. Kalmarsu «gestr» ce ta mayar da sautin farko ya zama g. Ashe baƙin da babu wanda ya gayyata su ne suka gyara wa Ingilishi sunan baƙon gayya.

A amfanin yau kalmar ta yi laushi ƙwarai. Otal yana kiran mai biyan kuɗin ɗaki «guest» don kada ciniki ya fito fili, kuma «be my guest» ba ta wuce bismillarmu ba. Sai dai a ganina laushin yana ɓoye wani sharaɗi da Bahaushe ya faɗa ƙarara, cewa baƙo raɓa ne, ana jiran tashinsa. Jamus ta Yamma ta yi yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Italiya a 1955, da Turkiyya a 1961, aka kira su «Gastarbeiter», Ingilishi ya fassara «guest worker». An daina ɗaukar su a 1973, amma da yawa ba su koma ba. Sun kawo iyali, sun hayayyafa, ana ci gaba da kallon su baƙi. Sai a shekara ta 2000 doka ta fara bai wa ƴaƴan baƙi da aka haifa a Jamus damar zama ƴan ƙasa tun daga haihuwa, shi ma bisa sharuɗɗa.