Maroko a Gasar Waƙa ta Eurovision, 1980

Maroko ce ƙasar Afirka ɗaya tilo da ta taɓa shiga gasar waƙa ta Eurovision, kuma sau ɗaya tak ta shiga, a 1980. Ta samu wannan dama ne saboda gidan rediyo da talabijin na ƙasar mamba ne a ƙungiyar kafofin watsa labarai ta Turai, wadda ke shirya gasar.

Ba a yi gasar share fage ba. Gidan talabijin ɗin da kansa ya zaɓi mawaƙiya Samira Bensaid da waƙar "Bitaqat Hub". Ita ce waƙar Larabci ta farko a tarihin gasar.

An fafata ranar 19 ga Afrilu a birnin Hague na ƙasar Holan. Maroko ta samu maki 7, dukkansu daga Italiya, ta zo ta 18 cikin ƙasashe 19. Johnny Logan na Ailan ne ya lashe gasar.

Isra'ila ba ta halarta ba a wannan shekara. Ta dawo a 1981, Maroko kuwa ba ta sake shiga ba. Samira kuma ta koma Masar, inda ta shahara da sunan Samira Said.