Aikin kyaftin a ƙananan kulob-kulob na wasan kurket

A ƙwallon ƙafa koci ne ke juya 'yan wasa daga gefen fili. A wasan kurket kuwa, da zarar an shiga fili, kyaftin ne ke yanke kusan kowace shawara.

Nauyin ya fi yawa a ƙananan kulob-kulob na ƙauyukan Ingila, inda ba a biyan 'yan wasa albashi, su ne ma ke biyan kuɗi kafin su buga. Galibi babu koci, kuma sau da yawa kyaftin ne ke bin mutane a waya ana gobe wasa domin ya cike gurbin mutum 11.

Irin waɗannan ƙungiyoyi ne ke fafatawa a gasar kofin ƙauyuka da mujallar The Cricketer ta ƙirƙiro a 1972, wadda ake buga wasanta na ƙarshe a filin Lord's da ke Landan.

Yadda wasan yake

Ɓangare ɗaya na bugu, ɗayan na jifa da tsaron fili, daga baya su yi musaya. Mai jifa na ƙoƙarin faɗar da sanduna uku da ke bayan mai bugu. Shi kuma yana kare su da katakon bugu, yana neman maki ta hanyar gudu a kan wani zirin fili mai tsawon yadi 22, wanda a kansa ƙwallo ke dira. Jifa shida a jere shi ake kira oba.

Shawarar farko

Kafin a fara wasa ana jefa tsabar kuɗi sama, kyaftin ɗin da ya canka daidai ya zaɓi fara bugu ko jifa. Idan zirin ya bushe, akan fi son fara bugu, tun kafin ƙasar ta farfashe. Idan akwai danshi da ɗanyar ciyawa, ƙwallo kan kauce bayan ta dira, abin da ke taimakon masu jifa.

Kuskure a nan yana da tsada. A 2002 a Brisbane, kyaftin ɗin Ingila Nasser Hussain ya zaɓi fara jifa. Kafin a tashi a ranar farko, Ostareliya ta tara maki 364, an fitar mata da mutum biyu kacal. Ingila ta sha kashi da ratar maki 384, kuma har yau ana yi wa Hussain tsiya a kan wannan zaɓi.

Tsara masu tsaro

Idan aka cire mai jifa da mai kamun ƙwallo a bayan sanduna, saura mutum 9 kyaftin zai rarraba a fili mai faɗi. Ba za su iya toshe ko'ina ba, don haka dole ya zaɓi inda zai bari a buɗe.

A nan ne sababbin kyaftin suka fi yin kuskure. Sukan kwaikwayi abin da suka gani a talabijin, su jera mutum uku ko huɗu a bayan mai bugu suna jiran ƙwallo ta gogi gefen katako. Wannan tsari na masu jifa da ƙarfin gaske ne. A kulob ɗin ƙauye, inda jifan ba shi da wannan zafi, an fi fitar da mai bugu ta hanyar hana shi maki har ya ƙosa, ya ɗaga ƙwallo sama a cafke.

Wani kuskuren shi ne bin ƙwallo: duk inda aka buga ta sai kyaftin ya tura mutum can, alhali mai jifa ne ya yi mummunan jifa.

Doka ta hana mutum ɗaya yin oba biyu a jere, kuma a wasannin da aka ƙayyade yawan oba, kowane mai jifa na da iyakarsa. Kyaftin mai lissafi kan ajiye wa gwaninsa oba biyu ko uku domin ƙarshen wasa, lokacin da masu bugu ke kai farmaki. Shi ne kuma ke tabbatar da ana goge gefe guda na ƙwallo domin ta riƙa lanƙwasa a iska. Tun watan Oktoban 2022 dokokin da kulob ɗin MCC ke kula da su suka haramta yin hakan da yawu, amma gumi ya halatta.

Riƙon mutane

Wanda ya biya kuɗinsa, ya bar iyalinsa ranar Asabar, bai zo don ya wuni a tsaye a bakin fili ba. Idan bai yi jifa ba, kuma aka sa shi na 10 a jerin masu bugu, da wuya a sake ganinsa mako mai zuwa. Shi ya sa kyaftin masu gogewa kan matsar da wanda ba ya jifa zuwa gaba a jerin bugu, ko da hakan zai rage maki kaɗan, su kuma ba matashi oba a lokacin da wasa bai yi zafi ba.

Haka nan dokokin wasan sun ɗora wa kyaftin alhakin ɗa'ar 'yan wasansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wasannin da 'yan ɓangaren da ke bugu ke karɓa-karɓar alƙalanci, mutum ya yanke hukunci a kan abokinsa.

Ba dole ne kyaftin ya fi kowa iya wasa ba. Mike Brearley bai taɓa cin maki 100 a zama ɗaya a manyan wasannin ƙasa da ƙasa na kwana biyar ba, amma ya jagoranci Ingila a irinsu 31, ya ci 18, aka doke shi a 4. A 1981 an dawo da shi kyaftin ana tsakiyar karawa da Ostareliya, bayan Ian Botham ya sauka daga muƙamin. Botham ɗin ne ya farfaɗo a ƙarƙashinsa, ya ci maki 149 a filin Headingley ba tare da an fitar da shi ba, Ingila kuma ta lashe karawar da ci 3 da 1.