Ɗan daudu

ɗan daudu (suna, namiji, jam'i: 'yan daudu, ɗabi'ar: daudanci). Namijin da ke kwaikwayon mata a magana da tafiya da karairaya, wani lokaci har da ɗaura zani. A tsakaninsu sukan kira juna da "ke", su kuma laƙaba wa juna sunayen mata. An fi saninsu da sana'ar abinci, tuwo da waina da soyayyen nama, a tashoshin mota da kasuwanni, kuma tun da can suna da alaƙa da bori da gidajen mata masu zaman kansu.

Mutane kan haɗa kalmar da ɗan luwaɗi, amma kuskure ne a ɗauke su abu guda. Daudanci magana ce ta kamanni da ɗabi'a, luwaɗi kuwa ta wanda ake kwana da shi. 'Yan daudu da yawa suna da mata da 'ya'ya. Mata-maza ma daban ne, shi lamarin halittar jiki ne.

Malamai suna ƙyamar daudanci, kuma tun da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 'yan daudu suka rage fitowa fili.

Misali: *Ɗan daudun tasha ya fi kowa iya miyar taushe.*