Horar da jami'an wayar da kai kan kiwon lafiya a ƙananan hukumomi

Jami'in wayar da kai kan kiwon lafiya shi ne ma'aikacin da ke tsakanin asibiti da jama'a. Aikinsa shi ne fahimtar da mutane yadda za su kauce wa cuta tun kafin ta same su. A Nijeriya, wadda ke da ƙananan hukumomi 774, yana aiki ne a sashen lafiya a matakin farko, tare da hakimai, dagatai, limamai da kwamitocin raya gundumomi.

Wannan fanni ya samo ƙarfinsa daga taron Alma-Ata na 1978 da Yarjejeniyar Ottawa ta 1986, waɗanda suka nuna cewa magani kaɗai ba ya samar da lafiya. Nijeriya ta fitar da manufarta ta ƙasa kan bunƙasa lafiya a 2006, ta kuma sabunta ta a 2019.

Da yawa daga cikin jami'an sun fito ne daga kwalejojin fasahar lafiya na jihohi. Masu neman ƙarin ilimi sukan tafi jami'o'i, kamar Jami'ar Ibadan, mai sashe na musamman kan fannin. Horon cikin aiki kuwa yakan sauko ne mataki-mataki: a horar da jami'an jiha, su horar da na ƙananan hukumomi, su kuma su koyar da na gundumomi. Illar wannan tsari ita ce saƙo kan rage kaifi kafin ya isa ƙasa.

Ana koya musu tsara saƙo cikin harshen jama'a, bin diddigin jita-jita, tattara alƙaluma da waya, da shawo kan magidancin da ya hana a yi wa 'ya'yansa rigakafi.

Muhimmancin wannan ƙwarewa ya bayyana a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda shakku kan allurar, cutar kuma ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Sai da aka jawo sarakuna da malamai, aka horar da mata masu shiga gida-gida, sannan amana ta dawo. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta kuɓuta daga ƙwayar cutar ta asali.

Babbar matsalar ita ce horon yakan zo ne da gangamin wata cuta, da kuɗin masu ba da tallafi. Gangami na ƙarewa, horo ya tsaya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware kashi 10 cikin 100 na asusun kiwon lafiya a matakin farko domin bunƙasa ma'aikata. Yadda jihohi da ƙananan hukumomi ke sarrafa wannan kaso ne zai nuna ko jami'in zai samu horo kafin annoba ta ɓarke, ko kuwa sai ta riga ta shigo gari.