Fomatin faifan fulofi daga cikin manhaja

Fomatin shi ne tsara faifan ajiye bayanai domin kwamfuta ta iya rubutu a kansa, kamar yadda ɗan kasuwa ke jan layuka a sabon littafin lissafi kafin ya fara shigar da ciniki. Faifan fulofi, wanda kamfanin IBM ya fara fitarwa a 1971, ba ya karɓar komai sai an yi masa wannan aiki.

Fulofi mai faɗin inci 3.5, wanda ya mamaye ofisoshi a shekarun 1990, fuska biyu gare shi. Fomatin kan raba kowace fuska zuwa da'ira 80, kowace da'ira zuwa gida 18, kowane gida kuma yana ɗaukar bayit 512. Jimilla bayit 1,474,560 ke nan, abin da ake rubutawa 1.44 MB a jikinsa. Daga nan sai a kafa jadawalin FAT12, mai nuna inda kowane fayil yake.

Manhaja na iya yin fomatin ba tare da mai aiki ya fita daga cikinta ba. A zamanin DOS, takan kira umarnin FORMAT A:, ko ta bi ta ƙofar BIOS mai suna INT 13h, ta tsara da'irorin ɗaya bayan ɗaya. A Windows kuwa, akwai umarnin SHFormatDrive, wanda ke buɗe tagar fomatin kawai, aikin ba ya farawa sai mutum ya danna da hannunsa. Hikimar a fili take: kuskure ɗaya na iya tafiya da lissafin shekara guda. Shi kansa faifan yana da ɗan makulli a kusurwa, idan aka buɗe raminsa, ba a rubutu kuma ba a sharewa.

Fomatin iri biyu ne. Na gaggawa jadawalin kawai yake gogewa, bayanan suna nan kwance, mai gwaninta na iya tono su. Cikakke kuwa yana duba kowane gida, ya ware masu lahani. A zamanin MS-DOS 5, sai an ƙara /U ake shafe tsofaffin bayanan fulofi gaba ɗaya.

Kamfanin Sony ya daina ƙera fulofi a 2011, gwamnatin Japan kuma ta soke dokokin da ke tilasta amfani da shi a 2024. Amma ƙa'idar tana nan a kan filas da katin memori: a kwafe abin da ake buƙata kafin fomatin, kuma kada a ɗauka cewa na gaggawa ya ɓatar da sirrin ofis ko na kasuwanci.