Mota mai turbo ta rasa ƙarfi kwatsam: abin da ke jawo shi da abin yi

Direbobin da ke bin hanyar Tahoua zuwa Abalak da Agadez, ko masu hawan tuddan Keita da kaya, sun san wannan matsala. Mota tana cikin gudu sai ƙarfinta ya yanke, fitilar inji ta kunnu a gaban direba, ya taka totur har ƙasa amma ta ƙi amsawa. Kanikawa na kiran wannan hali da sunansa na Faransanci, mode dégradé. Sau da yawa injin lafiyarsa lau. Kwamfutar motar ce ta rage masa ƙarfi da gangan, don kada ƙaramar matsala ta zama babba.

Yadda abin yake aiki

Turbo fanka ce biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ta biyu kuma tana tura iska da ƙarfi cikin injin. Juyinta yakan wuce sau 100,000 a minti ɗaya. Kwamfuta tana lura da yawan iskar, da matsin mai, da zafin inji, ta hanyar ƙananan na'urorin awo. In ɗaya daga cikin waɗannan ya kauce wa ƙa'ida, sai ta rage mai, ta tsayar da juyin inji a tsakanin 2,000 da 3,000 a minti. A motoci masu canza giya da kansu, takan maƙale a giya ɗaya.

Tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ ba ta da turbo, famfon manta kuma na ƙarfe ne zalla, shi ya sa ba a san ta da wannan hali ba. Amma Hilux mai injin D-4D da motocin gazuwal na Turai da ake shigowa da su na hannu, duk kwamfuta ke tafiyar da su.

Abubuwan da suka fi jawo shi a Adar

Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu yana toshe filtar iska da wuri, balle ga motar da ke bin hanyoyin ƙasa na Barmou ko Tchintabaraden. Ƙurar da ta kuɓuce wa filta takan lulluɓe na'urar auna iska, ta riƙa ba kwamfuta lissafin ƙarya.

Na biyu zafi. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. Tiyon roba da ke ɗaukar iska daga turbo yakan bushe ya tsage, iska ta riƙa zurarewa. Alamarsa ƙara kamar fito, da baƙin hayaƙi in an taka.

Na uku mai. Injunan gazuwal na zamani suna fesa mai da matsin da ya wuce bar 1,500, don haka ɗan ruwa ko yashi kaɗan ya isa ya toshe filta ko ya cinye famfo. Man da ya daɗe cikin jarka ko duro ya fi kawo wannan.

Na huɗu kunkunniyar hayaƙi. Motar da ba ta fita daga cikin gari takan tara ta a bawul ɗin EGR da cikin turbo. Motocin gazuwal na Turai da aka ƙera daga wajen 2009 suna kuma da matatar hayaƙi a salansa, wadda ba ta wanke kanta sai an yi doguwar tafiya inji ya ɗau zafi.

Abin yi a kan hanya

Ka sauka gefen titi, ka duba allurar zafi da fitilar baƙin mai. In ja ce ta kunnu, ko inji ya yi zafi, ko hayaƙi shuɗi ko fari yana tashi da yawa, ko ka ji ƙarar ƙarfe, kashe motar ka nemi a ja ta. In babu ko ɗaya, kana iya lallaɓawa zuwa gari mafi kusa, ba tare da ƙoƙarin wuce babbar mota ba, domin ƙarfin da za ka dogara da shi babu shi.

Kashe inji a sake tayarwa yakan dawo da ƙarfi na ɗan lokaci. Wannan bai gyara komai ba. Wanda ya ga haka a Tahoua, kada ya kama hanyar Agadez mai kusan kilomita 400 kafin a duba motar.

A gareji

Kafin a kwance komai, a jona na'urar karanta kwamfutar mota. Motocin Amurka suna da mahaɗinta tun 1996, na Turai masu fetur tun 2001, masu gazuwal tun 2004. Lamba P0299 na nufin iskar turbo ta yi kaɗan, P0234 ta yi yawa, P0087 matsin mai ya faɗi, P0101 kuma na'urar auna iska ce ake tuhuma. Ka rubuta lambar kafin a goge ta.

Lambar tana nuna inda za a nema ne kawai. P0299 ba ta ce turbo ya mutu ba: a fara da filta, tiyo, wayoyi da bawul, waɗanda kuɗinsu bai kai ko kusa da na turbo ba. In kuwa dole a canza shi, a gano abin da ya kashe na farko, a wanke bututun da ke kai masa baƙin mai, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu.

Rigakafi

A yi juyen baƙin mai kafin wa'adin da aka rubuta don hanyoyin Turai, a duba filtar iska akai-akai lokacin hunturu, a zubar da ruwan da ke taruwa a gindin filtar gazuwal. Bayan doguwar tafiya ko hawa, a bar inji yana aiki minti ɗaya ko biyu kafin a kashe shi, turbo ya huce.